Mu sayar da fili don a cire mini ƙarin mahaifa ta huda?

Assalamu alaikum Anti. Shekarata 34, aurena shekara shida, ciki ɗaya na taɓa samu, ya zube yana wata uku. Shekara biyu ke nan al'adata ta rikice, sai in yi kwana goma ina zubar da jini guda-guda, in na miƙe jiri ya kwashe ni. Da aka yi mini hoton ciki aka ce ƙari ne a mahaifa har guda uku: babban santimita 7, yana cikin naman mahaifa har ya tura cikinta, ɗaya santimita 4 ta waje, sai wani ƙarami. Likitan asibitin gwamnati ya ce a buɗe ni a cire. Wani likita a asibitin kuɗi ya ce zai cire ta 'yan ƙananan huda da kyamara, in kwana ɗaya in koma gida, amma kuɗin ya ninka na wancan sau uku. Maigida ya ce zai sayar da filinsa. Surukata kuma ta ce duk wadda aka yi wa aikin nan mahaifarta ake cirewa, har ta kawo mini jarkoki biyu na magani. Ni na fi son na hudar, don ba tabo, ba sai kowa ya sani ba, in Allah ya ba ni ciki in haihu da kaina kamar kowa. Anti, mu sayar da filin?

Ƙanwarki daga Katsina

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Ki gaishe mini da maigidan, mijin da zai ce a sayar da filinsa don lafiyar matarsa ya cancanci gaisuwa. Amma ki ce masa Anti ta ce ya mayar da takardar filin cikin akwati tukuna, kada ya kira dillali a makon nan.

Maganarki ta kusa da ƙarshe ita ta tsayar da ni. Kin lissafa dalilai uku: ba tabo, ba sai kowa ya sani ba, ki haihu da kanki. Na farkon ne kaɗai yake kusa da gaskiya. Sauran biyun, in kika shiga ɗakin tiyata da su a ranki, suna iya ja miki abin da ya fi zubar jinin nan muni.

Hudar da likitan ya yi miki bayani a fatar ciki take. Ƙari mai santimita 7 kuwa girman lemon zaƙi ne, kuma a binne yake cikin naman mahaifa. Babu wata dabara da za a fito da lemon zaƙi daga cikin nama ba tare da an tsaga naman ba. Ko an buɗe ciki, ko an shiga ta huda, tsagar da za a yi wa mahaifarki kusan ɗaya ce, ramin da ƙarin zai bari ma ɗaya ne. Tabon da ya dame ni shi ne wannan na ciki, wanda ba za ki taɓa ganinsa a madubi ba, wanda kuma shi ne zai ɗauki nauyin jariri wata tara in Allah ya kawo rabo.

Na yi shekaru ina miƙa wa likitoci kayan aiki a ɗakin tiyata, don haka bari in kai ki ciki ki ga yadda ake yi. Aikin hudar nan, wanda suke kira laparoskofi, sai an sa ki barci gaba ɗaya, ba a yinsa da allurar baya wadda ake kashe rabin jiki. Za a hura miki iskar kabon a ciki har ya tashi kamar rumfa, don a samu sarari tsakanin fata da kayan ciki. Sai a huda cibiya ko ɗan samanta a zura kyamara mai fitila, a ƙara huda biyu ko uku a gefen mara, kowace faɗinta daga rabin santimita zuwa santimita ɗaya da ɗan kai. Ta nan ake zura dogayen ƙarafa masu baki irin na almakashi da hantsaki. Likita yana tsaye, idonsa a kan allo kamar mai kallon talabijin, hannunsa a waje. Yawanci za a yi wa mahaifa allurar da ke tsuke jijiyoyin jini, a tsaga ta daidai kan ƙarin, a kama shi a ɓare shi daga kwanciyarsa, don yana da wani ɗan ɓawo da ya raba shi da naman mahaifa. Wannan ɓarewar ba ita ce mai wuya ba.

Mai wuyar ita ce ɗinki. Ramin nan mai zurfi sai an ɗinke shi hawa-hawa, daga ƙasa zuwa sama, sau biyu ko uku, kada a bar kogon da jini zai taru. Ki ɗauka an ba tela tulu mai ƙaramin baki, an ce ya ɗinke yagaggen ƙyalle a can cikinsa da sanduna biyu masu tsawon kamu, ba zai taɓa ƙyallen da yatsa ba, ba zai leƙa ba, sai dai ya kalli hoto. Akwai telan da zai yi ɗinkin ya fito kamar da hannu aka yi. Akwai wanda zai ɗan haɗa baki ya ce an gama. Akwai kuma wanda, in jini ya dame shi, sai ya yi ta ƙona wurin da na'urar wuta, kuma naman da aka ƙona da yawa ba ya haɗewa da ƙarfi. Ke kina barci, ba za ki san wanne aka yi miki ba. Fatar cikinki za ta yi kyau a duka ukun.

Kada ki ɗauka ina kushe aikin huda. Ba sabon abu ba ne da ake gwaji da shi a kan mutane. Wani likitan mata Bajamushe, Kurt Semm, na birnin Kiel, shi ya fara bayyana cire ƙarin mahaifa ta wannan hanya tun 1979, kuma a hannun gwani amfaninsa a fili yake: zafin ciwo ya fi sauƙi, zazzaɓin bayan aiki ya fi ƙaranci, kwana ɗaya ko biyu a asibiti maimakon uku zuwa biyar, mako biyu zuwa huɗu ki koma harkokinki maimakon mako shida. Mannewar hanji da mahaifa, wadda kan biyo bayan aikin ciki har ta toshe hanyar ƙwai, ita ma ta fi sauƙi a mafi yawan lokuta. Kuma yadda kika kwatanta naki, guda uku, babban santimita 7, yana cikin irin wanda masu aikin huda suke karɓa. Inda suka fi ja da baya shi ne in ƙarin ya haura santimita 10 ko ya yi yawa barkatai, ko mahaifa ta kumbura ta wuce cibiya har babu inda kyamara za ta tsaya. Amma wajen samun ciki bayan aiki, wanda shi ne abin da ya fi damunki, binciken da aka kwatanta hanyoyin biyu bai nuna ɗaya ta tsere wa ɗaya ba. Kuɗin da ya ninka sau uku sauƙin jinya zai saya miki. Ba zai ƙara miki rabon haihuwa a kan aikin buɗewa da aka yi da kyau ba.

Don haka ki koma wurin likitan asibitin kuɗin, ke da maigida, ki bar kunya a gida. Ki tambaye shi aikin cire ƙari ta huda guda nawa ya yi da hannunsa a shekarar da ta wuce. Ki lura da kalmar, cire ƙari. Leƙa ciki da kyamara don a duba hanyar ƙwai aikin minti ashirin ne da likitoci da yawa suka iya, shi kuwa wannan yana iya cin awa biyu ko uku. Ki tambaye shi hawa nawa yake ɗinkewa. Ki tambaye shi a cikin waɗanda ya yi wa, nawa ne suka yi ciki suka haihu, kuma ta wace hanya. Ki tambayi wa zai sa ki barci, likitan barci ne ko wani aka koya wa, kuma in jini ya ɓalle ana tsakiyar aiki ledar jini nawa suke da ita a ajiye, daga ina za a ƙaro wani jinin. Har janareta ki tambaya, ba wasa nake ba. Mai buɗe ciki in an ɗauke wuta zai iya lallaɓawa da fitila na 'yan daƙiƙoƙi, mai aikin huda in allo ya mutu ya makance. Gwani ba ya jin haushin irin waɗannan tambayoyi, wasu ma har daɗi suke ji. Wanda ya haɗe rai ya ce “ke likita ce?”, to ya riga ya ba ki amsa. Kuma babu laifi ki nemi sanin ko ya kammala ƙwarewarsa ta likitan mata a Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma ko takwararta ta ƙasa da ke Legas. Masu takardar shaidar ba sa ɓoyewa, a bango suke rataye ta.

Akwai tambaya ɗaya da mata ba sa yi don ba ta faɗo musu ba: lemon zaƙi ta ina zai fito, alhali hudar ba ta fi kan yatsa ba? Yanka shi ake yi a cikin ciki. Akwai na'ura mai wuƙa zagayayya da ke juyawa, tana fere ƙarin sili-sili ana zaro shi. A 2013 aka yi wa wata likitar barci a Amurka, Dakta Amy Reed, aikin cire mahaifa da irin wannan na'ura, ana zaton ƙari ne na yau da kullum, ashe akwai sankara a ɓoye, na'urar ta watsa ta a cikin cikinta. Ita da mijinta, shi ma likita, suka tashi tsaye a kan lamarin, har a 2014 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi, ta ƙiyasta cewa mace ɗaya cikin 350 da ake yi wa aiki don ƙari tana ɗauke da irin wannan sankara ba a sani ba. Dakta Reed ta rasu a 2017. Likitocin mata da yawa suna ganin lissafin hukumar ya yi tsauri, kuma haɗarin ya fi ga waɗanda suka manyanta, ke a 34 naki kaɗan ne ƙwarai. Ban kawo labarin don in tsorata ki ba. Na kawo shi ne don daga baya, a 2020, hukumar ta ce in za a yi amfani da na'urar to a yi cikin wata jaka ta musamman da ke tare ɓarɓashi. Ko ba sankara, guntun ƙari da ya faɗa cikin ciki yana iya kamawa a wani wuri ya ci gaba da girma. Wasu likitocin ma sukan ɗan faɗaɗa huda ɗaya, su jawo bakin jakar waje, su yanka da wuƙa. Ki tambaye shi wanne yake yi. Sannan ko ta wace hanya aka cire, ki tabbata an kai naman ɗakin gwaji, ki karɓi sakamakon ki adana. Na sha ganin an miƙa wa dangi a roba suna ta salati da ɗaukar hoto, daga nan sai rami a bayan gida.

Shi kuma likitan gwamnati da ya ce a buɗe ki, kada ki ɗauke shi ɗan baya. Aikin buɗewa yana da abin da kyamara ba ta da shi, wato yatsa. Likita zai riƙe mahaifa a tafin hannu ya lallatsa, ya ji 'yan ƙananan da suka ɓuya a nama kamar tsakuwa a cikin tuwo, ya fitar da su, ya ɗinke yana jin ƙarfin zaren. Likitocinmu sun saba da ƙari manya-manya, don matanmu ba sa zuwa sai abu ya ci tura, kuma suna da dabarar ɗaure gindin mahaifa da robar fitsari a tsayar da jini har a gama. Yankan ma mafi yawa a kwance ake yinsa a ƙasan mara, inda ake yi wa masu haihuwa, zani yana rufe shi. Ki tambaye shi dalilin da ya sa ya zaɓi buɗewa. In ya ce don inda babban ya zauna ne da zurfinsa, wannan magana ce ta ilimi, ki riƙe ta da kyau. In ya ce don ba su da kayan huda ne, to gaskiya ya faɗa miki, sai ki nemi ra'ayi na uku a sashen mata na wani asibitin koyarwa. Na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya duk tafiyar yini ɗaya ce daga gare ki, je ki dawo.

Maganar Hajiya surukarki ba daga sama ta faɗo ba. A zamaninsu, macen da ta je asibiti da ƙari ya cika mata ciki, bayan ta yi shekaru ana ce mata kwantaccen ciki ne, sau da yawa mahaifar ake cirewa, don babu abin da ya rage a ceta. Hajiya ta ga irin waɗannan, shi ya sa take tsoro, kuma tsoron nata na son jika ne. A Ingila ma haka aka yi ta yi. Wani likita a Landan, Victor Bonney, an cire wa matarsa mahaifa a 1907 saboda ƙari, shekara biyu da aurensu, suka rayu ba ɗa. Shi ne ya duƙufa a kan yadda za a cire ƙarin a bar mahaifa, har ya ƙera wani maƙali na tsayar da jini da ake kira da sunansa. Abin da za a yi miki jikan aikinsa ne. Sai dai ba zan ɓoye miki ba, a takardar da za ki sa wa hannu za ki ga an rubuta cewa in jini ya ƙi tsayawa ana iya cire mahaifa don a ceci rai, kuma mai aikin huda zai rubuta cewa yana iya komawa buɗewa in ya ga abin ya fi ƙarfin kyamara. Cire mahaifar ba kasafai yake faruwa ba. Komawa buɗewa kuma ba gazawa ba ce, likitan da ya san lokacin da zai ajiye ƙarafa ya ɗauki wuƙa shi nake so ya taɓa 'yata. Ki karanta takardar da kanki, ko a fassara miki layi-layi. A wurinmu an saba a miƙa wa miji ya sa hannu matar tana kwance, alhali jikinki ne.

Jarkokin nan biyu, ki karɓa ki yi godiya, ki ajiye. Ban san wani jiƙo ko tsimi da aka tabbatar yana narkar da ƙari mai girman lemo ba, kuma gudajin da mata ke gani bayan sun sha su ce ga shi ya fito, daskararren jini ne. Ƙari tsoka ce mai tauri, in kika yanka ta fara ce, zarenta a nannaɗe. Abin da ke ciyar da ita sinadaran jikin mace ne da ke tafiyar da al'ada, shi ya sa takan motse da kanta bayan al'ada ta ɗauke. Ke kuwa ba ki da shekara goma sha biyar ta jira. Ko allurar asibiti da ke motsar da ƙari, wadda ake yi wata-wata kamar sau uku kafin aiki, aro ce kawai, da an daina yake komawa yadda yake. Kuma kada wani ya sa ki ji kamar wani laifi kika yi ko wani ya yi miki. Binciken da aka buga a Amurka a 2003 ya nuna kafin su kai shekara 50, sama da kashi 80 cikin ɗari na baƙaƙen mata suna da shi, fararen kuma kusan kashi 70. A layin da kike zama a gidan biki, yawancin matan suna ɗauke da shi, nasu dai bai yi magana ba. Naki ya yi magana ne saboda mazauninsa: wanda ya tura cikin mahaifa shi ke kawo zubar jini, shi ne kuma aka fi dangantawa da ɓari da rashin kamawar ciki. Na wajen nan mai santimita 4, da shi kaɗai ne, da wataƙila ba wanda zai ce a taɓa ki.

Tun da zancen wurin zama ya zo, ki nemi a sake hoton, wanda ake yi ta gaba, a wurin wanda ya ƙware, a faɗa miki ko nawa ne daga cikin babban ya leƙo cikin mahaifa, da kuma inda ƙaramin yake. In ƙaramin a cikin ɗakin mahaifar yake zaune, akwai hanya ta uku da ake bi ta gaba da siririyar kyamara a kankare shi, ba a taɓa fatar ciki ko kaɗan. Taswira mai kyau ita ke raba gardamar likitoci biyu.

Jirin da kike ji kuma, kada ki raina shi. Jininki ya yi ƙasa, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ki je a auna, a ɗora ki a kan maganin ƙarin jini tun yanzu, a ba ki na rage zuba a kwanakin al'ada. Wadda ta shiga aiki da jini cikakke da wadda ta shiga fari fat ba ɗaya suke fitowa ba. 'Yan'uwan da za su ba da jini ma a san su tun da wuri, a gwada su, kada sai kina kan gado a shiga kiran waya.

Sai abin da zan roƙi maigida. Kafin a sayar da ko taku ɗaya na fili, ya je a auna maniyyinsa. Gwaji ne mai araha, ba allura ba yanka. Shekara shida da aure, ciki ɗaya, kowa ya ga ƙari a hoto sai ya ce an kama ɓarawo, alhali a cikin ma'auratan da haihuwa ta yi wa jinkiri, kaso mai yawa akwai matsala ta ɓangaren namiji, ita kaɗai ko tare da ta mace. Cikin da kika taɓa yi ba ya wanke shi, jiki yana canzawa. Ke ma a yi miki hoton hanyoyin ƙwai a ga ko a buɗe suke. Zubar jinin kaɗai ta isa dalilin aiki, amma in akwai wata matsala a gefe gara ku sani yanzu, don kuɗin filin yana iya zama shi za ku nema gaba.

Yanzu maganar ɓoyewa, wadda ita ta fi tayar mini da hankali. Na san dalilinki. Kalmar “an yi mata aiki” tana da nauyi a gidan miji, ana faɗinta ƙasa-ƙasa, wani lokaci a bi ta da zancen ƙarin aure. Ba sai kin yi shela ba. Amma aikin huda yana da wata illa a gidajenmu da ba a rubuta ta a littafin likitoci ba: ciwon da ba a gani ba a tausaya masa. Wadda aka buɗe, kowa ya ga bandeji, za a hana ta ko ɗaga buta. Ke za ki dawo da 'yan filasta uku, kwana huɗu a ga kina tafiya garau, sai a bar miki wanki da ɗaukar jarka, ke ma don kada a gane sai ki yi. Mahaifa kuwa watanni take ɗauka tana haɗewa. Ki samu mace ɗaya, mahaifiyarki ko yayarki, ta zo ta zauna da ke mako biyu. Ciwon kafaɗa a kwanakin farko na iskar da aka hura ne, zai wuce, tafiya kaɗan-kaɗan tana taimakawa. Amma zazzaɓi, ko ciwon ciki da ke ƙaruwa maimakon raguwa, ko kumburi da amai, ko ƙafa ɗaya ta kumbura, ko numfashi ya yi wuya, wannan a koma asibiti ne a daren, don raunin hanji a aikin huda yakan ɓoye sai bayan kwana biyu ko uku. Wadda ta ɓoye aikinta, wa zai ɗauke ta a daren?

Likita zai ce ki dakata da ɗaukar ciki, mafi yawa wata uku zuwa shida, wasu su ce fiye, gwargwadon zurfin yankan. Ki bi, ko da zuciya tana gaggawa, kuma ku nemi hanyar tazara ta ɗan lokaci ku biyu. Kada kuma ku ja abin ya wuce yadda aka ce, don ƙari yana sake tsirowa a mata da yawa cikin 'yan shekaru, shekarunki ma suna tafiya.

In cikin ya samu, ranar farko da kika je awo ki faɗa, ki miƙa takardar da ke bayanin aikin. Ki nemi wannan takarda kafin a sallame ki, a rubuta ƙari nawa aka cire, daga wane ɓangare, hawa nawa aka ɗinke, kuma ko an shiga ɗakin mahaifa. Naki da ya riga ya tura ciki, akwai yiwuwar a shiga. In an shiga, ko yankan ya yi zurfi, yawancin likitoci za su ce a ciro jaririn ta aiki kafin naƙuda ta fara. Fashewar mahaifa a kan tsohon ɗinki ba ta da yawa, ƙasa da mace ɗaya cikin ɗari, amma in ta zo mintoci ne tsakanin rai da mutuwa, ga uwa ga ɗa. Ungozomar da ta duba cikinki ba ta ga dogon tabo ba, ba za ta san komai ba in ba ki faɗa ba, tana iya ɗaura miki ruwan naƙuda da kyakkyawar niyya. Haka in an kai ki gida goyon ciki, aka ce haihuwar fari ce a yi dauriya a ɗaki, a sha wannan a sha wancan don ta zo da sauri. Wannan hanyar a rufe take gare ki, ko da wane irin aiki aka cire ƙarin. Ki fara saba wa zuciyarki da haka tun yau, ki kuma sa maigida ya zama shi zai faɗa wa Hajiya da bakinsa, don ɗanta ne, daga gare shi za ta fi ji.

To, ku sayar da filin? Da ni ce, a'a. In kuna da kuɗin a hannu ba tare da an taɓa kadara ba, kuma likitan hudar ya amsa tambayoyin nan ba inda-inda, ki yi na hudar da natsuwa, za ki ji daɗin jinyar. In sai an sayar da fili, ko amsoshinsa suka zo da kwana-kwana, ki je wa wanda ya saba buɗewa ya yi miki ɗinki mai kyau, ki yi haƙuri da mako shida da siririn layi a ƙasan mara. Gaba akwai awo, akwai aikin haihuwa, wataƙila da neman taimakon likitocin haihuwa, duk kuɗi ne.

Wannan makon ki fara da awon jini da sabon hoto, shi kuma ya kai nasa gwajin. In sakamakon ya fito ki sake rubuto mini, har da abin da likitan ya ce da kika tambaye shi hawa nawa yake ɗinkewa.